TSIBIRIN DA YA RIƘE HASHIMU

Shafi na 27

Masu damuna da tambayar ina na kai Hashimu, ku sarara mini haka nan, ni kaina na gaji da riƙon maganar. Waɗanda kuma suka yanke wa Yunus hukuncin munafunci tun shafin baya, ku ɗan dakata ku ji ta bakinsa.

*

Misfala, Makka, 1964.

"Kifin nan, wallahil azim, a ƙarƙashin ƙafarka yake yawo. Gidajen a kan ruwa aka kafa su, bisa dogayen itatuwa. Ka ɗaga katako ɗaya, ka zura ƙugiya, ka samu abincin rana."

Maryama tana bayan labule tana tace shayi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta san abin da ke biye da kifi. Biri ne mai hawa bishiyar kwakwa. Bayan biri sai giwa mai jan gungume. Tun da Yunus ƙanin mijinta ya dawo daga ƙasar Siyam haka ake yi kullum bayan la'asar, maƙwabta su cika zaure, shi ya ba da labari, ita ta dafa shayi.

Su biyu suka tafi. Shehu Dawuda Bafatane, ɗan asalin Siyam, muɗawwafi mai jagorantar alhazai da suke wa aiki a gidajen saukar alhazai, shi ya ce bayan Hajji zai je ƙasar kakanninsa ya huta, ya ɗauki Hashimu mijinta da Yunus su ma su sha iska. Shehu ya dawo. Yunus ya dawo. Hashimu kuwa aka ce ya tsaya ya rako alhazan Siyam a jirgin farko.

Jirgin farko ya iso Jidda tun shekaranjiya. Alhazan sun shigo Makka da akwatunansu na katako da buhunan shinkafa. Babu Hashimu.

"Na biyu ne," Yunus ya ce jiya, yana kallon wani wuri. "Ni na yi kuskure, jirgi na biyu ne."

Daga zaure muryar Kabo wanzami ta taso.

"Kai Yunus, bar zancen kifi. An ce har ɗakin gumakansu kun shiga?"

"Mun shiga, Baba Kabo. A Bankok."

"A'uzu billahi!"

"Kallo muka je yi, ba wanda ya ce mu rusuna. Takalmi kawai ake cirewa a ƙofa. Rufin gini kamar an zuba masa zinariya, rana ta buga sai ka kare ido. Akwai wani gunki a kwance, ya tallafe kai da hannu. Tafin ƙafarsa kaɗai ya fi ƙofar gidan nan."

"To su masu tsaron wurin fa?"

"Kansu a aske tas, har gira. Mayafi ɗaya ruwan ɗorawa, shi ke nan suturarsu. Ba sa ɗaga murya. Daga rana ta take ba sa ƙara cin abinci sai gobe."

"Azumin banza," in ji Kabo.

Aka yi dariya. Kusa da Maryama, Inna Ɗaso, uwar mijinta, tana jingine da bango da carbi a hannu. Idanunta sun yi hazo, da kunne take bin duniya yanzu. Ta karkato kai.

"Ya ambaci yayansa?"

"Bai kai nan ba, Inna."

"Zai kai."

Maryama ta jera ƙananan kofuna a faranti. Fatar yatsunta duk ta tsattsage saboda sabulun wankin alhazai, zafin kofi na shiga har ƙashi. Salihu mai gyaran risho ne ya yi tambaya ta gaba, shi kullum zancensa noma, duk da rabonsa da fartanya tun yana saurayi a Gobir.

"Ƙasar tana da albarka kuwa?"

"Albarka? Ya salam! Ko sanda ka soka a ƙasa ka juya baya sai ta yi ganye. Ayabar da Yaya ya dasa a bayan ɗakinsa, kafin in taso har ta kawo mini ƙugu."

Salihu ya ce tabarkalla. Kabo ya nemi a koma kan gunki. Ba wanda ya lura da abin da ya suɓuce wa Yunus.

Shayi ya cika kofi ya malala a faranti, Maryama tana riƙe da buta ba ta sani ba.

"Me ya ce?" Inna ta tambaya.

"Ayaba yake faɗi, Inna."

Ta goge farantin da gefen zanenta, ta tura shi ta ƙarƙashin labule.

*

Sai da zaure ya watse, kowa ya tafi shirin magariba, sannan ta ɗaga labulen.

"Yunus, hau soro ka sauko mini da bahon wanki. Bayana ya ƙi."

Ya hau. Ta bi shi.

Saman soron cike yake da shanya, fararen riguna da haramai na mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Daga can ɓangaren Harami ana jin ƙarar motocin rusau, ƙura ta tsaya a sama. Layin gidansu ma an shafa wa bangonsa jan fenti tun watan jiya.

Yunus ya sunkuya zai ɗauki baho.

"Ajiye."

"Esh fi, Yaya Maryama?"

"Yi mini Hausa."

Ya miƙe a hankali. Yana ɗan yaro aka kawo ta gidan, ita ta riƙa cire masa ƙaya a ƙafa, ita ta ɓoye shi ranar da ya fasa tulun Inna. Ta san yadda kunnensa ke motsi in zai yi ƙarya.

"Mai jiran jirgi yana dasa ayaba?"

"Wasa ne fa. Kin san Yaya da..."

"Yana da ɗaki?"

"Masauki nake nufi."

"Yau da safe na kai wanki gidan Shehu. Na ga sandar ɗaukar ruwan yayanka a kafaɗar wani Bayamane. Sandar da ya naɗe da tsumman zanena. Na tambayi mai dafa abinci, ya ce an ɗauke shi aiki ne dindindin."

Yunus ya kau da kai.

"Ya mutu?"

"La! La wallahi!"

"In ya mutu ka faɗa mini in shiga takaba. Kada ka bar ni ina sa kwalli da hakkin mamaci a kaina."

"Yana raye. Na rantse da Ɗakin Allah, lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni lafiya."

Ta nemi bakin katanga ta zauna.

"An ɗaure shi?"

"A'a."

"Ya yi aure?"

"Bai yi ba."

"Kada ka tausaya mini."

"Bai yi ba, Yaya Maryama. Ko kallon mace ban ga ya yi ba."

Abin da ya rage a ranta ta daure ta furta shi.

"Ɗakin gumakan nan da kake ta ba da labari. Wani abu suka yi masa? Ya bar salla?"

Yunus ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Shi ne ladaninsu."

"Ladanin wa?"

"Bari in faɗa miki daga farko. Wallahi na gaji. Kullum in zauna in yi ta biri da giwa kamar mai wasan kasuwa, don kada a tambaye ni abin da ke gaba."

"Ina ji."

"A wurin gunkin nan na kwance abin ya fara. Muna zagayawa da Shehu da wani ɗan'uwansa mai yi mana tafinta, sai bayan Yaya ya riƙe. Kin san yadda yake yi masa."

"Na sani."

"Wannan ya fi na kullum. Faɗuwa ya yi a tsakar wurin, ya kasa ko juyi. Mutane suka taru. Akwai wani tsoho mai magani da ke zama a harabar, ƙarƙashin wata rumfa, aka ɗauke shi aka kai masa. Ni na so in hana. Shehu ya ce bar shi, tausa ce kawai, ba tsafi."

"Sai aka yi yaya?"

"Ya cire masa riga. Da ya ga kafaɗunsa sai ya tsaya. Kin san kantar nan."

Ta sani. Fata ce ta yi kauri ta yi baƙi kamar bayan ƙwarya, inda sandar garwa ke zama. Shekara da shekaru tana shafa mata man zaitun ba ta taɓa laushi ba.

"Tsohon ya daɗe yana taɓa wurin. Sai ya yi magana, tafinta ya juya mana. Wai tambaya yake, wannan bawan Allah tun yaushe rabon da ya sauke kaya."

Maryama ta kalli yatsunta.

"Tsohon ya yi ta danna shi da gwiwar hannu, yana gasa masa wani ƙunshin ganye mai zafi. Can sai na ga kafaɗar Yaya tana rawa. Na ɗauka zafi ne. Ashe kuka yake. Yaya Hashimu fa. Ko ranar da aka binne Baba ban ga hawayensa ba."

"Ya tashi?"

"Barci ya yi a wurin, kan tabarmar mutane. Tun azahar har rana ta faɗi. Da ya farka ya miƙe tsaye cak, ya ce mini, Yunus, ashe haka mutane ke ji a jikinsu?"

Iska ta kaɗa wani harami ya shafi fuskarta, ta ture shi.

"Daga nan muka yi kudu a jirgin ƙasa, muka shiga kwalekwale zuwa tsibirin dangin uwar Shehu. Duk abin da nake faɗi a zaure gaskiya ne, ban ƙara ko ɗaya ba. Duwatsu a tsaye cikin teku kamar an dasa su, kansu duk itatuwa. Ruwan kore shar, kina ganin yashi a ƙasa. Musulmi ne masunta, masallacinsu na katako, ganga suke bugawa in lokacin salla ya yi. Ga ruwan sama kusan kullum. Ranar farko da aka tsuge, kowa ya gudu ɗaki, Yaya ya fita ya tsaya a ciki. Na ce ya shigo. Ya ce dubi, Yunus, yana zuba a banza, ba wanda ya ɗauko shi a kafaɗa."

"Ka taƙaita mini."

"Wata asuba ladaninsu ba shi da lafiya, aka ce baƙon Makka ya kira. Ya kira irin na Harami. Kin san muryarsa."

"Ban sani ba."

Yunus ya dube ta.

"Ban taɓa jin ya kira salla ba," ta ce. "Da asuba yana kan hanyar famfo."

Ya sunkuyar da kai.

"To ya kira. Kafin ya sauko tsibirin duk ya taru. Tsofaffi na kuka, suna kama hannunsa suna sumbata. Suka sa masa suna Tuwan Haji. Yara suka fara zuwa ya gyara musu Fatiha. Wannan ya kawo kifi, wancan ya kawo shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa. Kafin mu ankara sun haɗu sun kafa masa ɗaki kusa da masallaci. Ni dariya ma nake yi masa. Wallahi na ɗauka duk cikin hutu ne."

"Ranar tahowa fa?"

"Ya rako mu bakin ruwa. Da irin zanen mutanen tsibirin a ƙugu, babu jaka. Shehu ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ce zai sa shi kan masu ruwa gaba ɗaya, ba zai ƙara ɗaukar garwa ba. Ya ce ya gode."

"Kai me ka ce?"

"Na riƙe masa hannu ina ja kamar yaro. Ya ce, Yunus, tun kafin in yi gemu nake hawa duwatsun Makka da garwa biyu. A garin aka haife ni, amma har yau in za a kira ni sai a ce ya walad, ya Takaruni. Furfura ta fito mini ana ce mini yaro. Ya ce ba fushi nake da kowa ba. Na gaji ne kawai."

Ƙarar rusau ta tsaya. Ma'aikata sun tashi.

Da Maryama ta buɗe baki muryarta ba ta tashi ba, a kwance ta fito.

"Ya gaji."

"Haka ya ce."

"Allah sarki. Ya gaji."

"Yaya Maryama..."

"Da aure ya yi da na san da wa zan yi. Da mutuwa ya yi da na san me zan yi. Yanzu da wa zan yi faɗa, da ruwan sama?"

Ta nuna shanyar da hannu.

"Wannan wa ya wanke? Wa ke ɗaga Inna ya kai ta bayan gida? In 'yan jawazat sun shigo layi neman marasa takarda, wa ke shiga bayan buhun gawayi ya ƙudundune kamar ɓera, 'yarsa Hajo tana kallo? An shafa wa gidan nan jan fenti, ban san inda za mu kwana ba in an zo rushewa. Ni ba a haife ni da kafaɗa ba ne? Ni wa zan je in gaya wa na gaji?"

Yunus ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ka bar ni ina dafa shayi," ta ce. "Kullum. Ina jin labarin biri."

"Na rasa ta inda zan fara."

"Hajo tana zuwa bakin titi tana leƙa motocin Jidda. Ka gan ta ai."

"Na gan ta."

"To."

Ta miƙe ta fara sauke shanya, tana ninkewa tana jefawa a baho. Hannunta na aiki, idonta a bushe. Sai da ta kai ƙarshen igiya ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Bai ba ka saƙo ba? Ko ni ma cikin kayan da ya sauke nake?"

"Ya bayar."

"Faɗi."

"Ya ce in kin yarda, bayan Hajji ki biyo jirgin da zai mai da alhazan Siyam, ke da Hajo. Ya ce ɗakin ya ishe ku. Ya ce ba za ki ƙara wanke rigar kowa ba sai taki. Shehu ya yi alkawarin zai nema miki takardar fita."

"Ta fita."

"Na'am."

"Ta dawowa fa?"

Ya kalli ƙasa. Ta san babu ta dawowa. A bayan uwarta ta shigo ƙasar nan, ba ta da takardar ko'ina. Uwar da uban duk suna kwance a ƙasar Makka. Ranar da ta taka jirgi a Jidda, ita da garin nan sai dai a mafarki.

"In na ƙi fa?"

"Ya ce..." Yunus ya goge baki. "Ya ce al'amarinki yana hannunki. Ranar da kika ga kin gaji da jira, ki faɗa a gaban shaidu, ya sauwaƙe miki. Ya ce ba zai ɗaure ki da igiya daga bayan teku ba."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta tsaya tana kallonta cikin ƙura. Sai an sake wanke ta.

"Har ya yi mini adalci ke nan."

"Wallahi yana sonki. Kullum sai ya ce da Maryama ta ga wannan, da Maryama ta ɗanɗana wancan. Akwai wani 'ya'yan itace mai ƙaya, warinsa kamar..."

"Yunus."

"Na'am."

"Kada ka ƙara ba ni labarin ƙasar nan."

Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "Ni ma saura kaɗan in zauna. Da kwalekwalen ya tashi sai da na riƙe katako da hannu biyu don kada in faɗa ruwa in koma."

Ta dube shi. A karon farko ta lura da yadda ya rame, wuyansa ya fito, idanunsa sun faɗa. Tun da ya dawo shi ke aikin mutum biyu a gidan Shehu, ya dawo ya zauna ya yi wa mutane dariya. Ta so ta ji haushinsa, ta nema ta rasa ƙarfin.

"Me ya dawo da kai?"

"Inna."

"To ita me ya ce a gaya mata?"

Kunnen Yunus ya motsa.

"Kada ka soma," ta ce.

"Ya ce in riƙe ta. Ya ce shi ya yi nasa, saura ni."

"Shi ke nan?"

"Ya ce ya san ba za ta yafe masa ba in ta ji. Don haka kada a gaya mata."

"Har yaushe?"

"Yaya Maryama, don Allah."

"Har yaushe, Yunus? Jirgi na biyu zai zo. Na uku zai zo. Me za ka ce mata?"

"Ya ce in yi ta ce mata na gaba ne." Muryarsa ta karye. "Ya ce ta tsufa, ba za ta daɗe tana jira ba."

"Haka ya ce?"

Ba Maryama ce ta yi tambayar ba.

Su duka suka juya.

Inna Ɗaso tana bakin matakala, hannu ɗaya a bango, ɗaya a gwiwa. Mayafinta ya zame, furfurarta a waje, ƙirjinta na hawa da sauka. Rabonta da hawa soron nan tun kafin idonta ya tafi. Da rarrafe ta hau, ga ƙura nan a tafin hannunta da gaban zanenta.

"Inna!" Yunus ya zabura. "Wa ya hawo da ke? Tun yaushe kike..."

"Tun ana gasa masa ganye."

Ya kai hannu zai riƙe ta, ta buge hannun.

"Ido na rasa, ba kunne ba. Ayaba! Ni za a gaya wa ayaba? Maryama, kina ina?"

"Ga ni, Inna."

"Matso."

Ta matsa. Tsohuwar ta lalubo hannunta, ta shafa yatsun da suka tsattsage ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kai.

"Kin ci abinci yau?"

Nan ne hawayen Maryama suka zubo. Ta girgiza kai, ta manta ba ganinta ake ba.

"Ba inda za ki," Inna ta ce. "Ba ke kika haife shi ba. Kuma kada in ji kin kira shaidu, ki jira ni tukuna."

"In jira ki, Inna?"

Tsohuwar ta juya fuska inda take jin numfashin ɗanta.

"Kai. Jirgin nan da ke mai da alhazai, ana hana tsofaffi shiga?"

"Inna, me kike nufi?"

"Tambayarka na yi."

"Ba a hanawa, amma tafiyar teku ce mai nisa, ga zafi, ga amai. Masu ƙarfi ma suna mutuwa a hanya, a jefa su a ruwa. Inna, ke da kika tako da ƙafa tun daga Kano don a binne ki a Makka? Ke da kike cewa ko Jidda ba za ki kwana ba kada mutuwa ta riske ki a waje?"

"Na faɗa."

"To yanzu kuma..."

"Ya ce ba zan daɗe ina jira ba. Gaskiyarsa. Shi ya sa ba zan jira ba."

Daga Harami aka ɗaga kiran magariba. Ba wanda ya motsa a cikinsu.

"Gobe da safe ka kai ni wurin Shehu Dawuda. Takardar da ya yi wa Maryama alkawari, ni zai yi wa."

"Inna, don girman Allah..."

"Maryama."

"Na'am, Inna."

"In mun sauka ki jawo akwatina na ƙarƙashin gado. Likkafanina yana ciki, wanda na wanke da zamzam. Ki fito da shi ki sa a saman kaya, inda hannu zai kai da wuri."